Ofishin lauyan da ya rubuta mana abin da muka shekara sha ɗaya muna riƙe da shi da baki

Shekara 11 ke nan ni da ɗan baffana muna sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, mafi yawan jarin nawa ne, zaman shago kuma nasa, amma babu ko takarda ɗaya da ta nuna rabon kowa. Ba rigima ce ta kai mu wurin lauya ba. Banki ne ya nemi takardar rajista ta hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da kasuwanci rajista, kafin ya buɗe mana asusu da sunan kasuwancinmu, sai wani maƙwabcin rumfa ya kwatanta mana wani ƙaramin ofishi a saman bene, kan titin Gidan Zoo.

Na shiga da niyyar in biya kuɗi in karɓi takarda, amma lauyan bai taɓa kwamfutarsa ba sai da ya zaunar da mu ya tambaya: "Alhaji, idan yau Allah ya karɓi ran ɗayanku, me magada za su riƙe a hannu?" Daga nan ya bambance mana, da Hausar da ɗan kasuwa ke ganewa, tsakanin rajistar sunan kasuwanci da rajistar kamfani. A ta farko, doka ba ta raba mutum da kasuwancinsa, don haka idan bashi ya hau shagon, ana iya bin mai shi har kan gidansa da motarsa. Kamfani kuwa yana tsaye da ƙafarsa a gaban doka, alhakin kowa bai wuce hannun jarin da ya ɗauka ba, sai fa idan ya sa hannu a matsayin mai tsaya wa bashin. Ya ƙara da cewa dokar kamfanoni ta 2020 ta halatta wa mutum ɗaya tak ya kafa ƙaramin kamfani, kuma mafi ƙarancin jarin da ake rubutawa naira dubu 100 ne. Bai tura mu ga mai tsadar ba. Ya bar mu muka yi shawara a gida, muka dawo muka zaɓi kamfani.

Inda aikinsa ya fi burge ni shi ne yarjejeniyar da ya tsara tsakaninmu. Ya ware ladan zaman shago daban da rabon riba, wanda shi ne abin da ɗan'uwana ya daɗe yana jin nauyin faɗa mini, ni kuma ban taɓa lura ba. Ya rubuta yadda za a ƙiyasta kaya idan wani ya so fita, da yadda za a yi da bashin da ke hannun 'yan sari. Ya karanta mana kowane sakin layi yana fassarawa kafin mu sa hannu a gaban shaidu biyu. Ɗan'uwana ya ɗan ji kamar rubutun alamar rashin yarda ce, sai lauyan ya tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma ba ƙanana ba ne. Ba a ba mu jimillar kuɗin aiki a rubuce tun farko ba, sai da aka yi nisa aka ce kuɗin yarjejeniya daban yake da na rajista; an ba mu rasit, amma ya kamata mutum ya san nauyin kaya kafin ya ɗauka. Sau biyu muka bar shago muka tarar lauyan yana kotu, ba a kuma kira mu an sanar da mu ba. Sannan takardar da Turanci kawai aka ba mu ita, alhali ofishin da ya iya bayani da Hausa haka bai kamata ya gaza haɗa mana da fassara ba.

Duk da haka zan koma, domin rahoton shekara-shekara da hukumar ke buƙata yana gabanmu, jinkirinsa kuma tara yake jawowa. Wanda zai je, ya tafi da lambarsa ta NIN da sunaye biyu da yake so wa kasuwancin, ko da an riga shi ɗaya, ya kuma nemi a rubuta masa kuɗin aiki gaba ɗaya kafin a fara.