Burj Khalifa ko agogon Makka: wanne za ku hau da Inna?

Hajiya, kin ce za ku Umra ke da Inna, jirginku zai ya da zango na wuni guda a Dubai, kuma kuɗin hawan bene ɗaya kika ware: ko Burj Khalifa, ko hasumiyar agogon Makka. Na hau duka biyun.

In tsawo ake bi, babu gardama. Burj Khalifa mita 828 ne, kuma tun da aka buɗe shi a 2010 ba a kammala ginin da ya kamo shi ba. Na Makka mita 601 ne, an gama shi a 2012. Amma fa ba ƙololuwa ake kai mutum ba. Tikitin gama-gari a Dubai hawa na 124 da na 125 yake kai ki, na 148 kuwa kuɗinsa daban ne, kuma da nauyi. Gab da faɗuwar rana farashin yakan ƙara tashi.

Wahalar Dubai a ƙasa take. Da farko sai kina da bizar fita daga filin jirgi, ki tabbatar da wannan tun kina Sakkwato. Sannan ƙofar shiga tana cikin Dubai Mall, in kuma jirgin ƙasa kuka biyo, daga tasha zuwa kantin kaɗai doguwar gada ce mai rufi, kafin a zo ga layi. Ni da ƙafafuna lafiya sai da na nemi wurin zama, balle Inna da gwiwa. Lif ɗin kam abin kallo ne: kamar minti guda kin isa, kunnuwa sun toshe sai kin yi ta haɗiyar yawu. Ranar da na hau an tashi da hazo irin namu na hunturu, tekun ma da ƙyar na tantance shi. Benaye na gani, da tituna, da motoci kamar tururuwa. Wani abu da ya burge ni: saboda rana tana jinkirin ɓacewa ga na sama, an taɓa ba da fatawa cewa mazauna saman hawa na 80 su ƙara minti biyu kafin buɗa baki.

Na Makka kuwa kina fitowa Harami ta Ƙofar Sarki Abdul'aziz ga shi a gabanki, ba mota ba biza. A can sama akwai gidan tarihi mai hawa huɗu da aka buɗe a 2019, kan taurari, rana da wata da yadda ake auna lokaci, a jikin agogon nan da faɗin fuskarsa ya kai mita 43. Daga barandar kallo za ki hango Ka'aba 'yar ƙarama, masu ɗawafi farare fat suna kewaya ta ba tsayawa. Wata tsohuwa kusa da ni ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto, sai ta sauke ta kama hawaye.

Da ke kaɗai ce, da yake zangon na wuni guda ne, da na ce ki gwada Dubai. Tunda da Inna ne, ku huta a filin jirgi, ku hau na Makka bayan kun sauke Umra. A sama akwai iska, ki sa ta ɗaure mayafinta da kyau.