Kyamarar daji mai kati ko mai sim: wacce za a kafa a gona?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya yi tambaya. Gonarsa tana bakin daji, wani abu na shiga masa masara da dare bai san ko mene ne ba, sannan sau biyu ana kwance masa wayar famfon sola. Ya je kasuwa an nuna masa kyamarar daji iri biyu, mai ajiye hoto a katin memori kawai, da mai ɗaukar layin waya tana turo hoto. Yana so ya san wacce za ta yi masa aikin biyu.

Malam, aikin naka biyu ne, kuma ba su son abu ɗaya. Dabba gobe ma za ta dawo ta hanyar da ta bi jiya, don haka ko bayan mako guda ka ga hotonta ba ka makara ba. Ɓarawo kuwa idan ya hango kyamarar, da ita zai fara, ya tafi da hoton nasa a aljihu. A nan bambancin yake. Mai kati tana gaya maka abin da ya riga ya faru, mai sim tana gaya maka abin da ke faruwa, in akwai sabis.

Cikinsu dai ɗaya ne. Ƙarƙashin gilashin hoto akwai wata baƙar taga ta roba, a bayanta ne idon da ake rubuta wa PIR yake. Ba motsi zalla yake gani ba, ɗumin jiki mai motsi yake ji, wato abin da zafinsa ya bambanta da na bayansa. Da ya ji sai ya tashi kyamarar daga barci ta ɗauka. Masu kyau suna yin hakan cikin daƙiƙa 0.2 zuwa 0.5. Wadda ta kai daƙiƙa ɗaya cur, wutsiyar dila za ka riƙa tararwa a gefen hoto. Adadin megapiksel da ake bugawa da manyan lambobi a kwali, 36 ko 48, kada ya ruɗe ka: ainihin abin ɗaukar hoton ƙarami ne, manhaja ce ke hura shi. Saurin ɗauka da tsabtar hoton dare su ne abin dubawa.

Ta fuskar batir, mai kati ta yi wa mai sim fintinƙau. Batir AA guda 8 na litiyam suna kai ta watanni idan hoto take ɗauka ba bidiyo ba. Mai sim kuwa duk hoton da za ta tura sai ta kunna rediyonta ta nemi turken sabis, kuma inda sabis ɗin yake sanda ɗaya, nema take ta yi tana shan wuta. A irin wannan wuri makonni kaɗan sun isa su ƙarar da batir. Shi ya sa mai sim kusan dole ne a haɗa mata wuta ta waje: batir 12V 7Ah irin na UPS, da ƙaramin farantin sola na wat 10 da na'urar daidaita cajinsa. Amma fara duba bakin da ake soka wayar a ƙasan kyamarar, domin wasu 6V suke sha, kuma in ka ba su 12V sun ƙone ke nan. Wayar a zura ta cikin bututun roba saboda kurege da ɓera. Batirin tocila mai arha ba ya wannan aiki ko a wacce: da rana za ta ɗauki hoto lafiya, da dare fitilun su ja wuta ta mutu, ka zo ka tarar da baƙin hoto. Alkalin yana yi, sai dai in ya daɗe a cikin zafi yakan tsiyayo ya cinye ƙarfen mazauninsa. Masu caji na NiMH 1.2V suke bayarwa maimakon 1.5V, sai a shiga saiti a zaɓi irinsu, in ba haka ba kyamarar ta ɗauka sun ƙare tun da sauransu. Kada a gauraya sabo da tsoho.

Wajen saye ne aka fi cin kuɗin mutane a kan mai sim. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi don kasuwar Amurka, irin su Spypoint, Moultrie da Tactacam, suna zuwa da nasu layin da ke aiki da kamfanonin can, da kuɗin wata-wata a manhajarsu. In ta shigo nan a cikin kayan gwanjo, mai kati ce kawai mai tsada. Wadda kake nema ita ce mai ramin sim a buɗe, wadda takardarta ta lissafa zangon 4G na B3, B7, B20 da B28, domin a kan waɗannan layukanmu suke. Mai B2, B4, B12 da B13 kaɗai ta Amurka ce, bar ta. Layin da za ka sa ya zama mai rajista da NIN, a cire masa lambar PIN a waya tukuna, a zuba masa data. Idan ta ƙi haɗuwa, yawanci APN ne, wato saitin intanet na layin, ba ta ɗauka da kanta ba, sai a rubuta da hannu. Na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net. Kuma kafin ka biya ko sisi, je ka tsaya a gindin bishiyar da za ka ɗaura ta, da wayarka, ka tura hoto ta WhatsApp da layin da kake son sawa. In bai tafi ba daga nan, maganar mai sim ta ƙare. Data ba ta da yawan ci, ƙaramin hoto take turowa, babban yana zama a katin.

Akwai ta uku da masu shago ke cewa "tana haɗuwa da waya". Ta Wi-Fi ce da Bluetooth. Sai ka zo kusa da ita, taku goma zuwa ashirin, sannan ka sauke hotuna. Tana da amfani idan an ɗaura ta sama ba a son hawa kullum, amma daga gida ba za ta gaya maka komai ba.

Wani saitin da ke kashe amfanin mai sim gaba ɗaya: da yawansu daga kamfani an saita su su tara hotuna su turo sau ɗaya ko biyu a rana don tattalin batir. Ga mai gadin famfo wannan da babu duk ɗaya. A mayar da shi kan turawa nan take.

Sai hasken dare, wanda a ganinmu ya fi maganar sim ɗin ma muhimmanci a wajen tsaro. A kwali za ka ga 850nm ko 940nm. Mai 850 idan ta ɗauka, fitilunta suna yin ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Duk wanda ya kalli wajen zai gani. Amma haskenta ya fi kai nisa, hoton ya fi fita. Mai 940 ido ba ya ganin komai, sai dai haskenta ya fi rauni, hoton ya fi dusashewa, abin da ke gudu yakan fito da jirwaye. Ga gadu da beguwa, 850 ta wadatar, ba su damu ba sosai. Ga mutum, 940 kawai, sai ka biya rauninta da matso da ita kusa. Dukansu baƙi da fari suke ɗauka da dare, kuma lambar babur ko mota takan fito fari fat saboda tana mayar da hasken.

Yanzu abin da takardar kamfani ba za ta gaya maka ba, domin an rubuta ta ne don ƙasashen sanyi. Idon PIR bambancin zafi yake nema. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, ƙasa da duwatsu suna kai zafin jikin dabba har su wuce. Jan biri zai ratsa gaban kyamarar da azahar, ita kuwa shiru. A ɗaya gefen, busasshiyar ciyawa da rana ta gasa in iska ta kaɗa ta, idon zai ɗauka wani abu ne mai rai, ka zo ka tarar da hoto dubu na ciyawa. A mai kati asarar batir ce da ɓata lokaci. A mai sim masifa ce: wayarka ta yi ta ƙara har ka gaji ka kashe sanarwar, daren da ɓarawon zai zo ba ka ji ba. Maganin guda huɗu ne. A nome ciyawa da ƙananan rassa mita 4 zuwa 5 a gabanta. A fuskantar da ita arewa ko kudu, ban da gabas da yamma. A ƙara ƙarfin jin idon zuwa sama lokacin bazara, a rage shi zuwa matsakaici da sanyin hunturu. Sannan a yi amfani da agogon aiki: ta famfo ta tashi ƙarfe 6 na yamma ta kwanta 7 na safe. Don birai masu ɓarnar rana, akwai saitin ɗaukar hoto bisa lokaci, misali kowane minti 5, wanda bai dogara da idon zafi ba. A mai kati kawai ake yin wannan.

Kafawa ma ta bambanta. Ta dabbobi ƙasa-ƙasa ake ɗaure ta, daidai ƙirjin abin da ake zargi: santimita 40 zuwa 50 don beguwa, gafiya da gadu, kusan mita ɗaya don manya. Ka zaga bakin gonar da sassafe ka nemi inda shinge ya ɓule, inda sawu yake, ko ƙayar beguwa mai baƙi da fari da ta zube. Kada ka sa ta kallon hanyar kai-tsaye ko a gicciye sosai, karkata ta kamar rabin kusurwa, mita 3 zuwa 5 daga hanyar, domin idon ya fi jin abin da ke ratsawa a kan abin da ke tunkarowa. A saita hoto 3 a jere, hutun daƙiƙa 10 zuwa 30. Kati 32GB mai lambar sauri 10 ya isa, a goge shi a cikin kyamarar ba a kwamfuta ba. Tsofaffin kyamarori da yawa ba sa karanta wanda ya fi 32GB. A sayi kati biyu, a riƙa musanyawa. Kada a taɓa ta da hannun da ya ci nama ko ƙuli-ƙuli, kura tana tauna kyamara, birai kuma suna jujjuya ta. Da irin waɗannan masu katin ne masu bincike suka ɗauki damisa a dajin Gashaka-Gumti, kuma ba don sun fi kyau ba, don ana iya baza su da yawa a inda babu sabis. Haka ma a gonarka: masu kati biyu ko uku a mashigai daban-daban sun fi mai sim ɗaya tilo.

Ta tsaro sama ake kai ta, mita 2 da rabi zuwa 3, inda idon mai tafiya da tocila ba ya zuwa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaura ta a saman famfon tana kallon ƙasa, sai a samu hoton tsakar hula. Ja ta baya mita 5 ko 6, ka cusa ɗan kara a bayanta ta sama don ta sunkuya kaɗan, a nan fuska ke fita. In mutum ya matso kusa da ita ƙasa da mita 2 kuma hasken yana wanke fuskar ta zama fara. Igiyar da take zuwa da ita tana tona asiri, domin ana ganin ta zagaye da bishiya ta kowane gefe. A yi amfani da ramin sukurun da ke ƙasanta da ɗan ƙarfen maƙalawa. Bishiyar ta kasance mai kauri wadda iska ba ta kaɗawa, ɗorawa ko kaɗanya ko darbejiya. Farantin sola yana ƙyalli da rana, a nisanta shi da kyamarar. Kafin a sauko a sa ta kan gwaji, wani ya bi hanyar, a ga inda jar fitila ke ƙiftawa, sannan a dawo da dare a sake gwadawa. Akwatin ƙarfe da kwaɗo suna hana mai wucewa, ba sa hana wanda ya zo da adda. Dabarar da ta fi ita ce ta kyamara biyu: tsohuwar kyamara ko matacciya a inda za a gani, ta gaskiyar a ɓoye tana kallon ta.

In babu sabis a gonar, mai kati 940 da aka ɓoye da kyau ita ce abin da ya rage, sai a riƙa ɗauko katin a lokutan da ba a saba ganinka ba, kada sawunka ya yi hanya zuwa gindin bishiyar.

Kwanan wata da lokaci a saita su daidai, a sake dubawa duk lokacin da aka canja batir, domin su ne ƙarfin hoton a gaban mai gari ko 'yan sanda, ko a maganar ɓarnar shanu. Katin asali a ajiye shi, kwafi ake bayarwa. Hoton dare mai baƙi da fari yana sa mutane kama da juna, don haka kada a watsa fuskar wani a Facebook da sunan ɓarawo. Idan saƙo ya shigo ƙarfe biyun dare, a kira 'yan sintiri ko maƙwabtan gona, kada mutum ya hau babur shi kaɗai. A yankin da ake fama da 'yan bindiga, a sanar da mai gari kafin a kafa. Kuma kada ta kalli gidan wani ko rafin da mata ke wanki.

Duk wadda ka zaɓa, kulawarsu ɗaya. Da hunturu a share gilashin da tagar idon da tsumma mai laushi kowane mako biyu, ƙura tana rage nisan jinta. Daga Nuwamba a share kewayen bishiyar saboda gobarar daji. Kafin damina a duba robar bakin murfin, a jefa ƙunshin ƙwayoyin tsotse laima irin na kwalin takalmi a ciki. Zanzaro yana son gina ɗakinsa a kan tagar idon, tururuwa kuma ta ramin makirfo take shiga, sai a liƙe shi da salatif in ba a buƙatar sauti.