Fiya a Houston: a dasa ta a ƙasa ana lulluɓewa, ko a bar ta a tukunya?

Hajiya, tun jiya nake juya tambayarki a raina. Kin ce kin shuka ƙwallon fiya irin manyan nan koraye masu santsin ɓawo da ake sayarwa a kanti, saboda ta tuna miki da wadda ake kawowa daga Jos. Yau shekararta biyu, ta kai miki ƙugu, tana cikin baho a bayan gidanki a Houston. Kina son sanin wanne ya fi: ki dasa ta a ƙasa ki riƙa lulluɓe ta in sanyi ya taso, ko ki bar ta a tukunya ki riƙa jan ta zuwa gareji. Duka biyun na gwada su a wannan garin, ta ƙasa na rasa ta, ta tukunya tana nan, don haka bari in jera miki su kafaɗa da kafaɗa.

Sai dai kafin nan, ki san wace fiya ce a hannunki, don rabin amsar a nan take. Fiya dangi uku ce. Akwai 'yar Meziko, wadda asalinta kan tsaunuka ne, babbar bishiyarta tana jure sanyin da ya kai digiri 6 ko 7 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, wato wajen 20 a Faranhait da ake amfani da shi a nan. Akwai 'yar Gwatamala, wadda ke fara ƙonewa daga digiri 2 zuwa 4 ƙasa da sifiri. Sai ta uku, 'yar ƙasashen zafi da ake kira West Indian, ita kam da an sauka digiri 1 ko 2 ƙasa da sifiri ganyenta ya tafi. Hass, baƙar nan mai kaushin ɓawo da wani mai raba wasiƙu, Rudolph Hass, ya shuka a Kalifoniya a 1926, ruwa biyu ce, kuma juriyarta ta fi kusa da ta 'yar Gwatamala. Manyan korayen da ke kantunan Amurka galibi daga Florida da Jamhuriyar Dominika suke, jinin dangi na uku ne ko gaurayensa. Ki tsinki ganye ɗaya ki murje shi a tafin hannu ki shinshina. In kin ji ƙamshi mai zaƙi-zaƙi kamar na kayan yaji, akwai jinin Meziko a jikinta. In warin ɗanyen ganye kawai kika ji, to taki mai rauni ce. Kuma duk waɗannan lambobi na manyan itatuwa ne. Ƙaramar dashe ba ta kai nan ba.

Yanzu ki ɗora wannan a kan sanyin garinmu. Yawancin shekaru Houston ba ta wuce 'yan darare kaɗan da ruwa ke daskarewa. Amma ranar 16 ga Fabrairun 2021 ma'auni ya sauka zuwa 13 a Faranhait, kusan digiri 11 ƙasa da sifiri, ga wutar lantarki ta ɗauke kwana da kwanaki. A Disamban 2022 wani sanyin mai tsanani ya sake dawowa, a Janairun 2025 kuma dusar ƙanƙara ta rufe titunan gari. Wannan ba hunturun gida ba ne da ke busar da leɓe ya bar itatuwa a tsaye. Bishiyar da za ta zauna a ƙasa shekara goma, da daren da ya fi kowanne muni ake auna ta.

Ta ƙasa, abin da take da shi wanda ta tukunya ba ta da shi, ita ce ƙasar kanta. Da rana ƙasa tana shan zafin rana, da dare tana sakinsa a hankali, kuma lulluɓi ba wani abu yake yi ba illa tare wannan ɗumin kada ya tsere sama. Shi ya sa yadda ake lulluɓin ya fi abin lulluɓin muhimmanci. Mutane da yawa sukan rufe kan bishiyar su ɗaure bakin bargon a jikin kututturenta kamar an ɗaura mata ɗankwali. Wannan aikin banza ne, don an raba ta da ɗumin da ke tasowa daga ƙasa. Ki kafa sanduna huɗu kewaye da ita, ki yafa bargo ko zanen gado har ya taɓa ƙasa ta ko'ina, ki danne gefensa da bulo. In za ki ƙara leda saboda iska ko ruwan sama, ta zama a kan bargon, don duk ganyen da leda ta taɓa sai ya ƙone. A ciki ki rataya ƙwan lantarki irin na da, mai zafi a hannu, nesa da yadin. Ƙwan zamani na LED ba ya ba da ɗumin kirki. Kwana ɗaya ko biyu kafin sanyin ki ba ƙasar ruwa, saboda jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya riƙe zafi, ki kuma janye ciyawa da busasshen ganyen da ke gindin. Da hantsi ya yi, sanyi ya sassauta, a yaye bargon ta sha iska.

Duk wannan wahalar, abin da take saya miki bai fi digiri 2 zuwa 3 na Salshiyas ba, da ƙwan lantarki ya ɗan ɗara haka. Yana aiki sosai a daren da sama ta yi garau, iska ta kwanta. A daren da iskar arewa ke kaɗawa kamar na 2021, ɗumin ficewa yake yi ta kowace kafa. Tawa a lokacin shekararta huɗu a ƙasa, daga ƙwallo na raine ta kamar taki. Na yi mata bargo biyu da ƙwai ɗaya, wuta ta ɗauke cikin dare. Bayan kwana uku ganyen ya koma ruwan ƙasa kamar an babbaka shi, yana manne a reshe bai faɗo ba, ɓawon gindin ya tsage a tsaye. Na kankare shi da farce ina neman kore, har ƙasa ban samu ba. Ki yi lissafin da kanki: bishiyar da ke ƙonewa a digiri 1 ƙasa da sifiri, an ƙara mata 3, ta tsaya a 4. Daren ya kai 11.

Ta tukunya kuwa ba ta dogara da lissafin nan. Da hasashen yanayi ya nuna za a sauka ƙasa da 35 a Faranhait, sai ki ja ta ciki. Garejin da ke manne da gida ya fi waje ɗumi nesa ba kusa ba, kuma kwana uku ko huɗu cikin duhu ba ya kashe ta. In sanyin ya yi tsanani irin na 2021, a wuce da ita cikin gida. Amma kada ki yi tsammanin tukunya kariya ce a kan kanta. In kika bar ta a waje, ta fi ta ƙasa shiga haɗari, don sanyi yana ratsa jikin tukunyar ta ko'ina ya kama saiwa, saiwar fiya kuma ba ta da juriyar rassanta. Sai nauyi: tukunya mai cin lita 60 zuwa 90 cike da jiƙaƙƙiyar ƙasa ba abin da mutum ɗaya zai ɗaga ba ne, ki ɗora ta a kan katako mai tayoyi tun yanzu. In ta daɗe a falo, busasshiyar iskar na'urar ɗumama ɗaki takan ƙona bakin ganye. Ranar fito da ita kuma a fara da inuwa na 'yan kwanaki kafin rana tsaka.

Wajen ruwa, dukansu abokin gabarsu ɗaya ne, wato ruɓewar saiwa. Fiya ba ta son ƙafarta cikin ruwa, ga ƙasar Houston laka ce mai danƙo. Ta ƙasa dole sai a kan tudun da aka tara, ta tukunya kuma sai da ramuka a gindi, kuma lokacin sanyi kada ki ba ta ruwa sai kin tura yatsa kin ji saman ya bushe. Taki ma a dakatar da shi tun ƙarshen lokacin zafin Houston, don sabon toho shi sanyi ke fara ci. Za ki ji ana cewa manoma suna fesa wa itatuwa ruwa dare farai ƙanƙara ta rufe su. Gaskiya ne, ruwa yana sakin ɗumi yayin daskarewa, amma sai in feshin bai tsaya ba har gari ya waye ƙanƙarar ta fara narkewa. In ya yanke a tsakiya, ko iska ta taso, ɓarnar ta fi ta rashin yi. Ban ba ki shawarar gwada shi a gida ba.

Inda ta ƙasa ta yi wa ta tukunya fintinkau shi ne 'ya'ya. Fiya babbar bishiya ce, a tukunya takura take yi, abin da za ta haifa kaɗan ne in ma ta haifa. Taki kuma daga ƙwallo take, tana iya ɗaukar shekara 5 zuwa sama da 10 kafin ta yi fure, kuma ba lallai ɗanta ya yi kama da wanda kika ci ba. Mai aure kuwa, kamar mangwaron aure na gida, shekara 3 zuwa 4 ta fara.

Don haka ga abin da zan yi da ni ce ke. Wannan da kika raina da hannunki ki bar ta a tukunya, ki riƙa datse kanta kada ta wuce tsayin ƙofar gareji. In 'ya'ya kike so, ki nemi dashe mai aure daga dangin Meziko, irin Mexicola ko Joey ko Lila da ake samu a wuraren sayar da itatuwa na Texas, ki dasa a watan Maris a kudancin gida kusa da bango. Duk Disamba ki tara ƙasa a gindinta har ta rufe inda aka haɗa auren, ki kwashe in sanyi ya wuce. Ko sama ta ƙone, muddin wannan gaɓar ta tsira, irin da kika saya ne zai sake tohowa. In ta ƙone kuma kada ki yi saurin kai mata almakashi. Ki jira sai sabon toho ya nuna miki iyakar abin da ya mutu, ki rage ruwa tunda babu ganyen da zai sha, sannan ki shafa wa rassan da suka tsiraita farin fenti na ruwa da aka sirka rabi da rabi, don ranar Houston a watan Mayu tana ƙona ɓawon fiyar da ba ta da ganye.