Hawan Kilimanjaro: Marangu ko Machame?

Masu shirin hawan dutsen Kilimanjaro a Tanzaniya sukan tambayi wace hanya za su bi zuwa ƙololuwar Uhuru, mai tsayin mita 5,895. Biyu suka fi shahara, Marangu da Machame, kuma dukansu sai da ɗan jagora.

Marangu ta fi sauƙin tafiya da araha: kwana 5 ko 6, kwanciya a ɗakunan Mandara, Horombo da Kibo, hawa da sauka hanya ɗaya. Machame kwana 6 ko 7 ce, a tanti ake kwana, don haka 'yan dako sun fi yawa, kuɗi ma haka. Akwai kuma bangon Barranco, inda sai an kama dutse da hannu.

Amma abin da ke kayar da mutane ƙarancin iskar shaƙa ne, domin a ƙololuwa kusan rabin ta bakin teku ce. A nan Machame ta yi zarra: ana hawa zuwa wani wuri da ake kira Lava Tower, wajen mita 4,600, sannan a gangaro zangon Barranco, wajen mita 3,900, a kwana, jiki ya saba. Mai bin Marangu cikin kwana 5 ba ya samun wannan, don haka ciwon kai da amai na iya tare shi a Kibo. Ƙarin kwana a Horombo yana rage haɗarin.

Daminar Maris zuwa Mayu kan mayar da dajin Machame taɓo.

Marangu ta dace da mai gudun tanti ko mai tafiya lokacin ruwa, muddin ya ɗauki kwana 6. Machame kuwa ta mai ƙarfin gwiwa ce da ke da isasshen lokaci.