Sharhi: Manhajar Ftool da lissafin bim mai ɗaurarrun kai biyu

Duk wanda ya yi karatun injiniyan gine-gine ya haddace cewa bim (kankaren da ke kwance a kan filoli, wato ginshiƙai, yana ɗaukar nauyi) da aka ɗaure kansa biyu, in nauyi ya sauka a tsakiyarsa, ƙarfin lanƙwasa PL/8 ne a kowane kai, haka ma a tsakiya (P shi ne nauyin, L kuma tsawon bim). Amma a wurin aiki nauyi ba ya zaɓar tsakiya. Wannan ne ya sa na koma amfani da Ftool, manhajar lissafin bim da filoli da Farfesa Luiz Fernando Martha na jami'ar PUC-Rio ta Burazil ya samar, wadda ke da nau'in kyauta don masu koyo.

Na gwada ta da aikin wani bene a Rijiyar Zaki. Bim ne mai tsawon mita 6, wani ƙaramin bim ya hau kansa a mita 2 daga hagu da nauyin kN (kilonewton) 40. Da hannu na fara lissafin ƙarfin lanƙwasa, kamar yadda aka koya mana, inda a ita ce tazarar nauyin daga hagu (mita 2), b kuma daga dama (mita 4): Pab²/L² ya ba ni 35.6 a kan hagu, Pa²b/L² ya ba ni 17.8 a kan dama, ƙarƙashin nauyin kuma 23.7, duka a ma'aunin kNm. Ftool ta fito da waɗannan alƙaluma daidai. Da an ɗora bim ɗin ne kawai ba ɗauri, da ƙarƙashin nauyin ya kai 53.3.

Abin da ya fi burge ni shi ne zanen. Manhajar tana zana ƙarfin lanƙwasa a ɓangaren da kankare ke jin ja, wato inda rodi ya kamata ya zauna. A ɗaurarren bim, kusa da fila, jan a sama yake. Masu ɗaurin rodinmu da yawa sun saba zuba masu kauri a ƙasa, su bar siraran biyu a sama don riƙe zobe kawai. Na buɗe kwamfuta na nuna wa dattijon da ke mana ɗauri, na ce, "Baba, dubi inda layin ya haura." Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Injiniya, to ai nan ne nake ganin tsagewa a tsofaffin gine-gine." Tun kafin a aika Ƙofar Ruwa sayen rodi muka daidaita adadin na sama da tsawon da za su shige cikin fila.

Wata fa'idar ta fi wannan girma a wurina. Cikakken ɗauri zato ne na kan takarda. Filar inci tara da muke yawan yi a Kano ba ta iya hana kan babban bim juyawa gaba ɗaya. Da na zana filolin tare da bim ɗin, ƙarfin da ke a kan hagu da kan dama ya ragu, na ƙarƙashin nauyin ya ƙaru. Wanda ya dogara da 23.7 ya zaɓi rodin ƙasa, ya rage wa bim haƙƙinsa. Da hanyar rarraba ƙarfi ta injiniya Hardy Cross, wadda ta fito a 1930, wannan gwaji kan ci shafuka. A nan ɗan lokaci ne.

Sabon shiga ya sani sai ya saka gaɓa (ɗigon mahaɗa a zanen bim) a daidai inda nauyin zai sauka, ya kuma bayyana irin kayan da girman bim kafin ta yi lissafi. Manhajar ba ta yi wa kwamfuta nauyi, tsohuwar kwamfutata ta ɗauke ta, kuma tana aiki ba intanet. Tsari mai shimfiɗa ɗaya take warwarewa, ba dukan gini ba, zaɓen rodi bisa ƙa'idojin ginin kankare na BS 8110 ko Eurocode 2 kuma yana wuyan injiniya.

Ɗaliban BUK da na Wudil, ina ba ku shawara ku sauke ta, ku riƙa yin lissafin da hannu tukuna, sannan ku zana filolin ku ga yadda alƙaluman ke sauyawa.