Gargaɗi kan agogon da ake cewa yana auna suga ba tare da huda yatsa ba

Assalamu alaikum. Jama'ar Abuja da kewaye, musamman masu iyaye ko 'yan uwa da ke fama da ciwon suga, don girman Allah ku karanta wannan, ku kuma karanta wa dattawan gidajenku.

Akwai wani agogon hannu da ake ta talla a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp, har an fara baza shi a tabarma a bakin masallatai ranar Juma'a. Wai da zarar ka ɗaura shi zai nuna maka yawan sugan da ke jininka, ba huda yatsa, ba sayen tsinken gwaji. Wasu sukan ƙara da hawan jini da kitsen jini. Akwai ma na zobe. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma irin ƙaryar da ke kai mutum kushewa.

Tun ranar 21 ga Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da sanarwa cewa kada kowa ya dogara da agogo ko zoben da ke iƙirarin auna suga ba tare da ya huda fata ba, domin ba ta amince da ko guda ɗaya ba. Kamfanonin Apple da Samsung, duk da dukiyarsu da ƙwararrunsu, agogunansu ba sa auna suga da kansu. To ta ina wanda ake kawo maka a babur har ƙofar gida, babu sunan kamfani a jikin kwalinsa, ya samo wannan fasahar?

Koren hasken nan da ke walƙiya a bayan agogon shi ne abin da suke yaudarar mutane da shi. Hasken yana da aikinsa na gaskiya. Jini yana shanye koren haske, kuma duk bugun da zuciya ta yi jinin da ke jijiyoyin wuyan hannu yakan ƙaru sannan ya ragu, to wannan hawa da saukar agogon yake ƙirgawa ya gaya maka bugun zuciyarka. Iyakarsa ke nan. Suga kuwa sai an taɓa ruwan jiki ake saninsa. Na'urar da muka saba da ita, akwai sinadari a bakin tsinkenta wanda ke haɗuwa da sugan da ke cikin ɗigon jinin, daga nan lambar ke fitowa. Ko na zamanin da ake manna wa a bayan dantse, irin su FreeStyle Libre mai yin kwana 14, akwai ɗan siririn zare da yake shiga ƙarƙashin fata. Idan kun ga wani yana duba sugansa a agogo na gaske, daga irin wannan abin da ke manne a jikinsa saƙon yake zuwa.

A gidanmu abin ya faru, shi ya sa nake maganar da zafi. Kawuna da ke zaune a Kubwa ya daɗe yana shan maganin suga, kuma mutum ne mai kiyayewa. Tsadar tsinken gwaji ce ta ishe shi, ga yatsunsa duk sun yi kanta saboda huji. Ya ga tallar, ya kira lambar. Mai sayarwar ya ce masa, "Alhaji, daga yau kai da huda yatsa har abada. Likitocin waje ma shi suke ɗaurawa." Washegari mai babur ya kawo, ya biya.

Kullum agogon yana nuna masa 5.6, 5.9, wani lokaci 6.1. Ya yi ta hamdala, ya ce Allah ya kawo sauƙi, ya rage ƙwayarsa da kansa, ya koma cin tuwon shinkafa da dare son ransa. Ana haka ƙishirwa ta fara damunsa, sai ya tashi fitsari sau da yawa kafin asuba, ya rame, ganinsa ya fara dishi-dishi. Matarsa ce ta matsa sai an je asibiti. Da aka huda yatsansa lambar ta haura 20, agogon kuma yana hannunsa a daidai lokacin yana nuna 6 da ɗoriya. Sai da aka kwantar da shi.

Bayan an sallamo shi na je gaishe shi, na ce, "Kawu, ara mini agogon nan." Na ɗaura shi a hannun kujerar katako da ke falon, na danna wurin auna suga. Hasken ya yi ta walƙiya, can sai ga 5.8, har da bugun zuciya. Kawu ya daɗe yana kallon kujerar, sannan ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗana, ashe da wannan na jingina raina." Mun kira mai sayarwar, ya ce wai Alhaji ne bai iya saitawa ba. Kira na gaba lambar ba ta shiga.

A 'yar takardar da ke cikin kwalin, can ƙasa da ƙananan haruffan Turanci, an rubuta cewa wannan ba na'urar asibiti ba ce, kada a dogara da sakamakonta wajen magani. Sun san abin da suke sayarwa sarai. Manhajar agogon da aka sa Kawu ya sauke a wayarsa kuma akwai wurin da take tambayar mutum lambar sugan da ya saba gani, sai ta riƙa jujjuya masa ita kusa-kusa, ya ɗauka aunawa take.

Akwai kuma maganar bayanai. Manhajar ta karɓi sunansa, shekarunsa, nauyinsa da lambar wayarsa, ta nemi izinin shiga lambobin mutanen da ke wayar da hotunansa. Ba a jima ba wasu suka fara kiransa suna tallar shayin da wai yake warkar da suga kwata-kwata, kuma sun san ciwon da ke damunsa tun kafin ya buɗe baki. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa, amma mu da hannunmu muke danna amincewa ba tare da mun karanta ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu yin allurar insulin da masu azumi. Sugan da ya hau yakan ɗauki lokaci yana ɓarna, amma wanda ya faɗi ƙasa da 3.9, wato 70 a na'urorin da ke ƙirgawa da manyan lambobi, yana iya sa mutum karkarwa da gumi, ya sume cikin ɗan lokaci. Shawarar likitoci ga mai azumi ita ce ya karya idan ya kai wannan matakin, ko kuma idan ya haura 300 a na'urorin masu manyan lambobi, wato kusan 16.7 a masu ƙananan. Ku yi tunanin tsohuwa da la'asar jikinta yana rawa, ta duba agogo ya ce mata lafiya lau, ta daure sai magariba.

Hawan jinin da agogon ke nunawa ma haka yake. Ko na Samsung da ke da wannan aikin, sai an daidaita shi da na'urar ɗaurawa a dantse duk bayan mako 4. Mai hawan jini ya riƙe ta dantsen, in ya ga 140 bisa 90 ko fiye yana maimaituwa ya ga likita.

Ba ina cewa agogon zamani ba shi da amfani ba ne. Yana ƙirga taku, yana nuna bugun zuciya, yana zaburar da mutum ya motsa jiki, kuma mai suga yana buƙatar hakan. Amma duk wanda ya riga ya saya don suga, ya huda yatsa yau ya kwatanta lambobin biyu, kada kuma ya taɓa adadin maganinsa sai da likita. Ya goge manhajar daga wayarsa. In za ku sayi na'urar gwaji ko tsinkenta, ku je kantin magani mai rajista, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wanda aka damfara kuma ya adana hoton tallar, da lambar wayar, da shaidar tura kuɗin, ya kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, hedkwatarta tana nan Abuja.