Kamarar da za ka saya idan hasken rana kake son ɗauka

Duk wanda ya ga hoton tudun rairayin Sossusvlei na Namibiya da sassafe, gefe guda ja wur ɗaya gefen baƙi ƙirin, ko hoton ruwan Horsetail da ke gangarowa daga dutse a Yosemite ta Amurka lokacin da ranar Fabrairu ke faɗuwa ta mayar da shi ja kamar wuta, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne: da wace kamara aka ɗauki wannan? Matasa da yawa a nan Yamai suna tara kuɗi saboda irin waɗannan hotuna, kuma da yawansu suna ƙarewa da kayan da ba su dace da ƙasarmu ba, ko kuma jabu tsagwaronsa. Shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da na sani, in kuma faɗi wadda ni zan saya, ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Kafin maganar kamara, sai ka san irin ranar da kake da ita. Yamai tana wajen digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, saboda haka ranarmu kusan a miƙe take faɗuwa. Rana na tafiyar digiri 15 a awa guda, wato daga lokacin da haske ya yi laushi ya koma ruwan zinare zuwa faɗuwarta, da ƙyar ka samu rabin awa. Mutumin Aisland a watan Yuni yana da sa'o'i yana zaɓen inda zai tsaya, don ranarsu a kwance take tafiya kusa da ƙasa. Kai kuwa idan ka tsaya gyaran batir a bakin kogi, kafin ka ɗago an kira magariba. Ga ƙura: daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ta daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na Cadi. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, alhali yawancin kamfanoni iyakar zafin da suka rubuta wa kamarorinsu ke nan.

Don haka ni ba na fara tambayar yawan megafiksel. Abin da nake dubawa shi ne ko kamarar za ta iya riƙe haske mai tsanani da inuwa mai duhu a hoto guda. Ka tsaya a bakin Kwara da la'asar sakaliya, rana a gabanka, masunci na tuƙa kwalekwalensa a tsakiya. Kamara maras ƙarfi dole ta zaɓi ɗaya: ko sama ta yi fari fat, ko masuncin ya zama baƙin tabo. Mai kyau za ta bar maka jan sama, sannan idan ka buɗe hoton a kwamfuta ka ɗaga inuwar, sai ka ga taru da igiya har da launin rigarsa. Bayan wannan sai toshewa daga ƙura, sai daɗewar batir, sai kuma gidan katin ajiyar hotuna guda biyu, wanda zan dawo kansa.

Wayar hannu, ko Tecno Camon ce ko Samsung ko iPhone, ta isa hoton da za a kalla a waya, amma ka wanke shi babba ka ga yadda ganye da duwatsu ke damewa. Canon 2000D ta cika gari saboda masu hoton biki, sai dai ba a toshe ta daga ƙura ba, inuwarta kuma ba ta jure ɗagawa sosai. Sony A7 III ta 2018 kamara ce ta gaske, ba na musu, amma kuɗinta ya isa ya haɗa maka kaya gaba ɗaya, kuma da ka cire objektif, wato gilashin gaban kamara, sansarta, wato wajen da ke karɓar haske ya zama hoto, a fili take, ba madubi a gabanta. Pentax ta iya toshe ƙura, amma ina za ka samu objektif ɗinta ko mai gyaranta a nan?

Tawa ita ce Nikon D7200, ta hannu. Ta fito a 2015, megafiksel 24, kuma har yau ban ga kamarar da ta kai ta dacewa da wannan aiki a irin kuɗinta ba. A ISO 100, wato matakin ƙasa na ƙarfin jin haskenta, idan ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta gyara ba, za ka iya auna hasken a kan sama ka bar ƙasa ta yi duhu, daga baya ka ɗago ta ba tare da hoton ya cika da ɗige-ɗige ba. Wannan shi ne asirin yawancin hotunan faɗuwar rana da kake gani, kuma manhajar gyaran, NX Studio, kyauta kamfanin ke bayarwa. An sa roba a gaɓoɓin jikinta da maɓallanta don tare ƙura da yayyafi. Batirinta EN-EL15 an auna masa hoto 1,110 a caji guda, kusan ninki uku na Sony A6000, wanda ke nufin za ka kwana a ƙauyen da babu wuta ba tare da fargaba ba. An ƙera labulenta, wato abin da ke buɗewa ya rufe a kowace ɗauka, don ya kai ɗauka 150,000. Tana da nauyi, wajen giram 765 da batir da kati, amma nauyin yana taimakawa idan iska na kaɗawa a kan tudu. A hannu tana zama daram, maɓallan da kake buƙata duk a waje suke, ba sai ka shiga menu kana lalube rana na tafiya ba.

Abin da ya fi ɗaure ni da ita shi ne gidan kati biyu. Za ka saita ta duk hoton da ka ɗauka ya shiga katin farko da na biyu a lokaci guda. D7500 da ta biyo bayanta a 2017 gida ɗaya gare ta, wannan kaɗai ya sa na cire ta daga lissafi. Mai kuɗi kuma ya duba D750 ta 2014, babbar sansa gare ta, ita ma gida biyu, amma ya binciki lambarta, domin kamfanin ya taɓa kiran wasu daga cikinsu don gyaran labule.

Objektif guda nake ba da shawara ka fara da shi, 18-140mm na Nikon, ka ɗaura shi ka bar shi. A 18 zai kwashe maka faɗin kogi da gizagizan damina, a 140 zai jawo maka tsaunukan Trois Sœurs na ƙetaren Harobanda ko raƙumin dawa na Kure da rana a bayansa. Duk lokacin da ka cire objektif a waje cikin hazo, ka gayyato ƙura ciki. Ka haɗa da ƙafa uku ta ɗora kamara mai nauyi, ba irin ta roba da ake sayar wa masu bidiyon waya ba, da gilashin rage ƙyalli mai faɗin 67mm, da ƴar robar hura iska. Kada ka goge gilashi da bakin riga, ƙurarmu yashi ce, karce take yi. Kuma don Allah kada ka leƙa rana tsaka ta ramin kallo, musamman idan ka jawo ta kusa. Idonka ya fi hoton tsada, ka yi amfani da allon baya.

Yanzu maganar da ta fi damuna, wato zamba.

Na taɓa zuwa tafkin Tabalak, kan hanyar Tawa zuwa Agadas, bayan damina. Da asuba hazo ya kwanta kan ruwa, shanu suka shigo sha, rana ta ɓullo ta bayansu ƙahonninsu suka yi ja. Na ɗauka, kamara tana nuna komai lafiya. Da na dawo Yamai na sa katin a kwamfuta, rabin hotunan sunayensu kawai ke nan, ba sa buɗuwa. Katin da aka sayar mini a wani shago, a cikin kwalinsa, a rufe, an rubuta 128GB, ashe cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin takwas na hakan ba. An yi masa dabara ne ya riƙa gaya wa kamara ƙarya, idan ya cika sai ya ci gaba da karɓa yana zubarwa. Da na koma, mai shagon ya ce, “Wallahi Malam, ni ma haka aka kawo mini.” Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, amma wannan safiyar ba za ta dawo ba.

Saboda haka duk katin da ka saya, kafin ka sa shi a kamara, ka gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw. Kyauta ce, tana cika katin taf sannan ta karanta abin da ta rubuta, ta gaya maka ainihin girmansa. Tana ɗaukar lokaci, ka haƙura. Ka yi yarjejeniya da mai shago tun kafin ka biya cewa idan ya faɗi gwajin za ka mayar. Sunayen da aka fi yarda da su, irin su SanDisk, su ne aka fi kwaikwaya, don haka suna a kwali ba hujja ba ne. Idan ka ga katin 128GB a kuɗin na 16GB, ka bar shi, araha ba ta ado. Ni gara ka sayi 32GB biyu na gaske.

Batir ma haka. Na asali yana da tambari mai ƙyalli na kamfanin, rubutun jikinsa a tsaftace. Ka sa shi a kamara ka shiga wajen bayanin batir, za ta nuna maka shekarunsa daga 0 zuwa 4; sifiri sabo ne, huɗu ya gama aiki. Ka kwantar da shi a kan tebur, idan yana lilo ya kumbura ke nan. Jabun batir a zafin Mayu, a cikin jaka, a cikin mota, ba abin wasa ba ne. Caja ta asali MH-25a ce ko MH-25.

Ita kanta kamarar ana canza mata fuska. Wannan ba jita-jita ba ce: kamfanin Nikon ya taɓa gargaɗi cewa ana ɗaukar D7100 a sauya mata tambari a sayar da ita a matsayin D610, ana kuma mayar da D800 ta zama D800E. To D7100 da D7200 kuwa kusan tagwaye ne a ido. Kada ka yarda da rubutun gaba. Ka ɗauki hoto guda, ka buɗe cikakken bayaninsa, sunan kamarar na ainihi zai fito. Ka duba menu ka ga akwai Wi-Fi, domin D7200 tana da shi a jikinta, D7100 ba ta da shi. Wanda ya ce maka sabuwa ce dal daga kamfani, ka ƙara sa ido, an daɗe da daina ƙera ta.

Adadin ɗaukar da ta yi yana ɓoye a cikin kowane hoto, kuma akwai manhajoji na kyauta masu karanta shi. Mai sayarwa zai ce maka, “Ai wata Baturiya ce ta riƙe ta, ba ta wahala ba.” Ka ce masa, “To Alhaji, bari mu duba.” Idan lambar ta wuce 100,000, kamarar ɗan biki ce da ta sha aiki, sai a rage kuɗi sosai. Ka duba robar riƙo, idan ta yi santsi tana ɓamɓarewa amma lambar ta nuna kaɗan, akwai magana. Ka duba kan sukurori, idan sun ci, an taɓa buɗe ta.

Sai gwajin da ba na tsallakewa. Ka sa f/16 ko f/22, wato ka tsuke ƙofar hasken objektif, ka ɗauki farin bango ko sama tas, ka faɗaɗa hoton. Ɗigo-ɗigon ƙura ana iya sharewa. Dogon layi kuwa karce ne a kan sansa daga hannun wanda ya goge ta da ganganci, wannan ka ajiye ka tafi. Ka cire objektif ka haska shi da tocilar waya ta baya. Idan ka ga wani abu fari mai rassa siri-siri a cikin gilashin, fumfuna ce. Kayan da suka daɗe a garuruwan bakin teku, Kwatano ko Lome ko Legas, sun fi kamuwa da ita saboda laima. A hoton ɗaki ba lallai ka lura ba, amma ka fuskanci rana da shi, hoton zai fito kamar an shafa masa hayaƙi, kuma aikinka ke nan, fuskantar rana. Ka gwada gidan kati biyun duka. Ka juya zum daga farko zuwa ƙarshe ka saurara, idan kana jin ƙaras-ƙaras yashi ya shiga.

Masu tallar Facebook da WhatsApp da ke cewa kaya na Dubai ko Faransa, ka aiko rabin kuɗi a sako maka, wannan cinikin biri a sama ne. Hoton da suke nunawa ma sau da yawa na wani ne. Ko a Babbar Kasuwa ne, ko Katako, ko wurin wani mai ɗaukar hoto da zai canza kaya, ka je da katinka, da wanda ya san kamara, da rana, ka gwada a waje ba cikin duhun shago ba. Wanda ya hana ka gwaji ya ba ka amsa.

Idan kayan sun samu, lokacin fita ya rage naka. Yuli zuwa Satumba, bayan an ɗauke ruwa, iska ta wanke, shi ne lokacin sama mai launi. Disamba da Janairu kogin Yamai a cike yake da ruwan da ya taso daga Gine ya yi watanni yana ratsa Mali, hazo kuma yana rage wa rana ƙarfi har ta zama farin faifai da za ka iya ɗauka a kan ruwan. Tsaunukan Adar wajen Keita sun fi kyau da sassafe, lokacin da inuwa ke fito da kwazazzabai. Abzin da Tenere, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1991, ba sa jin kunyar tsayawa kusa da Namibiya, amma ba a zuwa sai an binciki halin tsaro an kuma samu ɗan jagora. A cikin gari ma, kada ka ɗaga kamara kusa da gada, barikin soja ko ginin gwamnati sai ka nemi izini. Don ko da an tambaye ka shaidar kayanka, kafin ka bar shagon da ka saye su ka sa a rubuta maka takardar sayayya mai ɗauke da lambar kamarar da ta objektif, da hatimin mai shago, ka ɗauki hotonta a waya, ka ajiye ta asalin a jakar kamara.